Layukan da suka ƙi zama daidai: bin diddigin wani littafi da tazararsa ta lalace

Littafin mai shafi 200 ne, girman A5, an shirya shi a Microsoft Word. Mutum huɗu suka rubuta babi-babi, aka haɗe su a fayil ɗaya. Gundarin rubutun yana kan wani zubin haruffa na saye, wato abin da masu aikin ke kira font, girma 11, tazarar layi kuma an bar ta a kan Single. A allo babu wanda ya ga aibu. Sai da aka fitar da shafuka goma na gwaji a takarda sannan abin ya fito fili.

A cikin sakin layi ɗaya, wasu layukan sun matse, wasu sun buɗe, kamar an jera su da hannu. Haruffa masu ƙugiya, ƙ da ɗ da ɓ, sun fi maƙwabtansu kauri, kuma ba su da ƴan ƙafafun da sauran haruffan ke da su. A wasu wurare layin ƙarshe na sakin layi ya sauka ƙasa shi kaɗai. Babi na uku kuwa cike yake da kalmomi irin su "}asa" da "]aya" da "ha~aka". Da aka buɗe fayil ɗin a wata kwamfutar mai LibreOffice, wata manhajar rubutu irin Word, shafuka 200 suka koma 217, lambobin da ke shafin ƙunshiya duk suka zama ƙarya.

Gyaran farko da aka yi shi ne wanda kusan kowa ke yi. Aka zaɓi rubutun gaba ɗaya, aka shiga akwatin Paragraph, aka sa Line spacing a kan Exactly, wato tsayayyen tsayin layi, 12 pt (pt kashi ɗaya ne cikin 72 na inci). Layuka suka daidaita nan take. Amma hotunan da ke tsakanin rubutu suka koma ƴan siraran zirin da bai wuce tsayin layi ɗaya ba, kawunan babi masu girma 20 suka yanke daga sama, haruffa masu ƙugiya kuma suna nan da kaurinsu. An rufe ciwon ne kawai, ba a taɓa tushensa ba. Dole aka janye wannan gyaran aka koma kan kwafin da aka ajiye, aka fara daga tambayar da ya kamata a fara da ita: wane zubi ne yake zana kowane harafi a shafin nan?

Abin da Single yake nufi

Mutane da yawa suna ɗaukar Single a matsayin wani tsayayyen awo. Ba haka ba ne. Kowane zubi yana ɗauke da lambobinsa a cikinsa: iya tashin harafi sama da gindin layi, iya saukarsa ƙasa, da ɗan sararin da mai zanen ya ƙara tsakanin layi da layi. Word yana haɗa waɗannan ya ce ga tsayin layi. A Times New Roman jimlar ta kama 2355 bisa 2048, wato kusan 1.15 na girman harafi. A Calibri 2500 ne bisa 2048, kusan 1.22. Idan girman harafi 11 pt ne, na farko zai ba da layi mai 12.65 pt, na biyu 13.43 pt. 

Bambancin bai kai pt ɗaya ba, amma ido yana kama shi, musamman in layi ɗaya ne ya buɗe a tsakanin ƴan'uwansa. Kuma ƙa'idar Word ita ce, a ƙarƙashin Single ko Multiple ko At least, layi yana bin mafi tsayin abin da ke cikinsa. Harafi ɗaya tak daga baƙon zubi ya isa ya ɗaga layin gaba ɗaya. Ba ma sai harafi ba: alamar ƙarshen sakin layi da ba a gani ita ma tana da zubi da girma, kuma ana lissafa ta.

Wannan lissafin ne kuma ya bayyana yadda littafin ya kumbura a kwamfuta ta biyu. Takardar A5 tsayinta milimita 210 ne. An bar 20 a sama, 20 a ƙasa, saura 170, wato kusan 482 pt. In aka ɗauki waɗancan lambobin biyu a matsayin misali, da layi mai 12.65 pt shafi yana ɗaukar layi 38. Da mai 13.43 pt, layi 35 kawai. Layi uku a kowane shafi, a shafi 200, ya isa ya haifar da shafuka goma sha bakwai. Kwamfuta ta biyu ba ta da zubin da aka saya, sai LibreOffice ya yi aron wani mai tsayin layi dabam ba tare da ya yi magana ba. Alamar da yake bayarwa ƙarama ce: sunan zubin a akwatin sama yana karkacewa idan babu shi a na'urar. Wanda bai san da ita ba zai wuce ta.

Kama ɓarawon

Ba a dogara da akwatin sunan zubi na Word ba, domin wani lokaci yakan nuna sunan zubin da aka zaɓa alhali harafin daga wani wuri aka aro shi. Hanya mafi tabbas ita ce a fitar da PDF a duba jerin zubin da ke cikinsa. A Acrobat ana danna Ctrl+D a shiga shafin Fonts. Mai Poppler kuma, wato wasu ƙananan manhajojin binciken PDF, ya rubuta umarnin pdffonts da sunan fayil, zai ga jerin a layi-layi. Littafin da aka yi niyyar yi da zubi ɗaya mai fuska huɗu, wato miƙaƙƙe da karkatacce da mai kauri da mai kauri karkatacce, bai kamata ya wuce suna huɗu ko biyar ba. Wannan ya nuna tara. A ciki akwai Calibri, akwai wani zubi marar ƙafafu da babu wanda ya zaɓa, akwai kuma wani tsohon zubi da ya shigo tare da babi na uku.

Daga nan aka bi su ɗaya bayan ɗaya.

Zubi marar ƙafafun nan shi ne yake zana haruffa masu ƙugiya. Zubin da aka saya ba shi da su sam. Akwai wani abu a tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafi lambarsa a kwamfuta, da yake sa wannan matsalar ta yi wuyar ganewa. Haruffan ba su zauna a unguwa ɗaya ba. Ƙ da ƙ suna U+0198 da U+0199, Ɓ tana U+0181, Ɗ tana U+018A, Ƴ da ƴ suna U+01B3 da U+01B4, dukkansu a rukunin Latin Extended-B. Amma ƙananan ɓ da ɗ suna U+0253 da U+0257, a rukunin IPA Extensions, tare da alamomin masu nazarin furuci. Saboda haka ana iya samun zubin da yake da ƙ amma ba shi da ɗ, ko yake da babbar Ɗ ba shi da ƙaramarta. Wanda ya gwada harafi ɗaya ya ga ya fito ya ce zubin ya yi, zai iya shan mamaki a shafi na arba'in. Duk takwas ɗin ake gwadawa, kuma a fuskoki huɗun, domin akwai zubin da yake da su a miƙaƙƙe amma ya rasa su a karkatacce.

Don a tabbatar da lambar harafi a Word, a sa alamar rubutu a bayansa a danna Alt+X, zai koma lambarsa, a sake dannawa ya dawo. Don neman dukkan wuraren da yake, a akwatin Find ana rubuta ^u da lambar a ƙidayar yau da kullum: ^u409 don ƙ, ^u599 don ɗ, ^u595 don ɓ. A Linux, umarnin fc-list ":charset=0257" yana jero duk zubin da ke na'urar masu ɗ.

Calibri kuma ta shigo ne ta hanyar kwafe da liƙawa. Marubutan sun yi rubutunsu a sababbin fayiloli, aka kwaso aka liƙa, aka zaɓi kalmomin aka sauya musu zubi, amma aka bar alamar ƙarshen sakin layi a yadda ta zo. Da aka danna Ctrl+Shift+8 alamomin suka bayyana, aka zaɓi ɗaya aka danna Shift+F1, sai ga shi: Calibri, wasu ma girma 14. Shi ya sa layin ƙarshe kaɗai yake sauka, tunda a kansa alamar take zaune. Da wannan liƙawar kuma tazarar Multiple 1.08 da sararin 8 pt a bayan sakin layi suka shigo wasu wurare, domin su ne saitin da Word ya zo da shi a fitowar 2013. Na 2007 kuwa 1.15 ne da 10 pt. In ka ga waɗannan lambobin a fayil ɗin da ba kai ka sa su ba, ka san daga inda suka fito.

Babi na uku labarinsa dabam ne. An buga shi da irin tsofaffin zubin da aka yi kafin Unicode ya bazu, waɗanda aka ɗauki gurbin wasu alamomi aka zana haruffa masu ƙugiya a ciki. A wurin kwamfuta, abin da ke fayil ɗin alamar } ce, zubin ne kawai yake nuna ta kamar ƙ. Ranar da aka sauya zubi, asiri ya tonu. Irin wannan rubutun ba ya bincikuwa, ba ya jeruwa bisa abacada, kuma in aka kwafe shi zuwa intanet haka zai tafi da alamominsa. Maganinsa Find and Replace ne, sau shida: } ta koma ƙ, { ta koma Ƙ, ] ta koma ɗ, [ ta koma Ɗ, ~ ta koma ɓ, sai kuma alamar da ke madadin Ɓ, wadda ya kamata a duba a fayil ɗin kafin a taɓa ta. A kunna Match case, a kashe Use wildcards, domin a can waɗannan alamomin suna da wata ma'ana. Abu mafi muhimmanci, a taƙaita neman ga tsohon zubin kaɗai ta hanyar Format sannan Font, kuma a yi wannan tun kafin a sauya wa babin zubi. In ba haka ba, duk bakan gaskiya da ke sauran babukan zai koma ɗ, kuma tsince su daga baya aiki ne na kwanaki.

Gyaran, bi da bi

Akwai hanya biyu game da zubin gundarin rubutu. Ko a riƙe wanda aka saya a nemo wa masu ƙugiya wani mai kama da shi, ko a sauya gaba ɗaya. Ta farko faci ce, kuma a rubutun da kusan kowane layi yake da ƙ ko ɗ, facin zai fi rigar yawa. Aka zaɓi ta biyu. Zubin da ke da haruffan duka suna nan kyauta: Charis SIL, Gentium, Andika, Noto Serif, DejaVu Sans. Aka ɗauki Charis SIL, wanda aka gina a kan Charter na Matthew Carter, yana da fuskoki huɗun cikakku, kuma lasisinsa na SIL Open Font License ya yarda a cusa shi a PDF a kuma tura wa kowa. Wannan ya warware matsalar kwamfuta ta biyu ma, tunda ana iya girka shi a can ba tare da saye ba.

Sai dai Charis SIL yana da halinsa. An yi shi ne don ya ɗauki alamomin da ake ɗorawa a kan harafi hawa-hawa, saboda haka tsayin layinsa na asali yana da faɗi sosai. A kan Single shafi zai yi kama da wanda aka buga da tazara ɗaya da rabi. A nan ne Exactly ya sami wurinsa, bayan an kori baƙin zubin, ba kafin nan ba.

Ba a sake zaɓar rubutu gaba ɗaya ba. Aka shiga Styles aka gyara salon gundarin rubutu: Charis SIL, girma 11, Exactly 14 pt, babu sarari kafin sakin layi ko bayansa, layin farko ya shiga ciki milimita 5. Sannan aka bi babi-babi, a zaɓi sakin layi har da alamarsa ta ƙarshe, a ɗora masa salon, a danna Ctrl+Q don goge saitin sakin layi da aka yi da hannu. Ctrl+Space yana goge na haruffa, amma yana tafiya da karkatattun kalmomi da masu kauri da marubuci ya sa da gangan. Don haka kafin a taɓa shi, aka yi amfani da Find and Replace aka ɗora wa duk karkataccen rubutu salon harafi na Emphasis, wanda a Word karkatacce ne. Ko da hakan, Ctrl+Space yana cire salon harafi shi ma, don haka a wuraren da ke da karkatattun kalmomi an fi son neman Calibri ta Format sannan Font a maye ta da Charis SIL, a bar sauran yadda yake. Ya fi jinkiri amma ba ya ɓarna.

Me ya sa 14 ba 12 ba? Saboda Exactly ba ya tausayi, duk abin da ya wuce iyakar yanke shi yake yi. Ƙugiyar Ƙ da Ɗ da tsayin ƙ suna buƙatar sarari a sama, wutsiyar y da g na layin bisa suna buƙatar nasu. Da 12 pt a kan harafi 11 suna gab da haɗuwa. Gwajin da aka yi mai sauƙi ne: layi biyu, na sama cike da "gyaɗa" da "ƙyaure", na ƙasa cike da "Ƙ" da "Ɗ" da "Ɓ", a buga a takarda a duba da ido. Ƙa'idar da aka saba ita ce tazara ta kasance tsakanin kashi 120 zuwa 145 cikin ɗari na girman harafi. InDesign, manhajar shirya shafukan littafi, shi ma 120 yake sawa idan an bar shi ya zaɓa da kansa. Goma sha huɗu a kan 11 ya kama kusan 127.

Da 14 pt, 482 yana ɗaukar layi 34, saura pt shida da babu abin da za a yi da su. Aka ƙara gefen ƙasa kaɗan har tsayin rubutu ya tsaya kusan milimita 168, daidai layi 34. Sauran salo duk aka ɗaure su da wannan goma sha huɗun. Ƙaramin kai ya sami 14 pt a sama da 14 na layinsa, ko kuma 21 a sama da 7 a ƙasa, yadda jimlar za ta rabu da 14 ba saura. Amfanin haka shi ne layukan shafin hagu da na dama su zauna a gindi ɗaya, na gaban takarda kuma su hau kan na bayanta, wanda a siririyar takarda yana rage inuwar da ke ratsowa. Kawunan babi masu girma 20 suka sami nasu salon da Exactly 28. Hotuna kuwa aka yi musu salo na musamman a kan Single, domin hoton da aka sa In Line with Text Word yana ɗaukarsa kamar wani ƙaton harafi, kuma a ƙarƙashin Exactly zai yanke shi kamar yadda ya yi a gyaran farko. Haka ma lissafin da ke tsaye a layinsa.

Ƙananan abubuwa biyu suka rage. Wani marubucin ya yi lambobin bayanin ƙasan shafi da hannu, ta hanyar Position sannan Raised, ba da Insert Footnote ba. Irin wannan yana ɗaga layi a ƙarƙashin Single, a ƙarƙashin Exactly kuma kansa yana iya yankewa, don haka aka sake su ta hanyar da ta dace. Na biyu, wasu shafukan suna ƙarewa da layi 33 maimakon 34. Wannan ba laifi ba ne, Widow/Orphan control ne yake hana layi ɗaya ya kwana shi kaɗai a ƙasan shafi ko samansa. Aka bar shi a kunne.

Akwai kuma wani tarko da bai kama wannan littafin ba amma aka duba shi, domin yana yawan rikita mutane. Fayil ɗin da ya ratsa kwamfutar da aka kunna wa harsunan gabashin Asiya yakan zo da ragar shafi, kuma sakin layi yakan zo da alamar Snap to grid when document grid is defined. In tana kunne, layuka suna tsalle zuwa ragar, sai ka ga ƙara girman harafi da rabin pt ya ninka tazara. A duba Page Setup, in akwai shafin Document Grid a sa shi a No grid.

Da a LaTeX aka yi aikin

Ya dace a faɗi wannan, domin an kawo shawarar a kwashe littafin zuwa LaTeX, tsarin shirya littafi ta hanyar rubuta umarni, da tunanin cewa matsalar za ta ɓace. Ba ta ɓacewa, kama kawai take sauyawa. A pdfLaTeX, ƙ da ba a yi wa tanadi ba tana tsayar da aiki da saƙon cewa ba a shirya U+0199 ba, wanda alheri ne, tunda an gaya maka. A XeLaTeX da LuaLaTeX, inda ake zaɓar zubi da fontspec, babu aro kai tsaye irin na Word. Idan zubin ba shi da harafin, ko dai gurbin ya fito fanko ko ɗan akwati ya fito, a rubuta Missing character a fayil ɗin log, aiki ya ci gaba. "Ƙasa" ta koma "asa" ba tare da an tsaya ba. Sa \tracinglostchars=2 yana fito da gargaɗin a allo, 3 kuma, daga TeX Live 2021, yana mayar da shi kuskuren da zai tsayar da aiki. A littafi irin wannan 3 ya kamata a sa.

Tazara a can ba ta bin lambobin cikin zubi. Tana bin \baselineskip, wanda a ajin book yake 12 pt ga harafi 10, 13.6 ga 11, 14.5 ga 12. Layi yana buɗewa ne kawai idan ƙasan na sama da saman na ƙasa sun matso fiye da \lineskiplimit, sai TeX, injin da LaTeX ke gudana a kai, ya bar \baselineskip ya sa \lineskip, wanda 1 pt ne. Kuskuren da ya fi yawa kuwa shi ne a sauya girma a cikin baka a rufe bakan kafin sakin layin ya ƙare. TeX yana amfani da tazarar da ya tarar a ƙarshen sakin layi ne, don haka manyan haruffa sukan fito a matse da tazarar ƙanana. Sa \par kafin rufe bakan yana gyara shi.

Dubawar ƙarshe

Aka sake fitar da PDF, aka kunna PDF/A compliant a Options don a tabbatar an cusa zubin a ciki. Jerin pdffonts ya dawo suna huɗu, dukkansu Charis SIL, kowanne da yes a ƙarƙashin emb, wato an cusa shi, da haruffa shida da alamar tarawa a gaban sunan, wanda ke nuna cewa haruffan da aka yi amfani da su kaɗai aka cusa. Aka kwafi "ƙoƙarin ɗalibai" daga PDF ɗin aka liƙa a Notepad, ya fito da ƙugiyoyinsa. Aka nemi } da ~ a fayil ɗin gaba ɗaya, ba a sami ko ɗaya ba. Aka girka zubin a kwamfuta mai LibreOffice, yawan layi a shafi ya zama 34 a duka biyun, ko da yake wasu ƴan layuka sun karye a wurare dabam, domin manhajojin biyu ba sa yanke layi iri ɗaya. Saboda wannan aka sabunta shafin ƙunshiya a kwamfutar da za ta fitar da fayil na ƙarshe, aka kuma tura wa maɗaba'a PDF ɗin kaɗai, ba fayil ɗin Word ba.